Tambayar da Ta Hana Ni Zuwa Turai

Ranar ɗaurin auren ɗan'uwanku Bello ina zaune a zaure na ji baffanku Isa yana ba abokan ango labari, wai da tuni na zama farfesa ba don na yi faɗa da shugaban sashenmu ya hana ni zuwa Turai ba. Na yi shiru saboda baƙi. Amma na lura kai Nasiru kana gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin zancen, shi ya sa na ce sai na rubuta muku, ku 'ya'yana, yadda abin ya faru tun ina da sauran ido. Babu wanda ya hana ni zuwa ko'ina. Shugaban sashen nan, Allah ya jiƙansa, har roƙona ya yi in tafi. Abin da ya tsayar da ni wata yarinya ce 'yar aji biyar mai suna Luba, wadda ta yi mini tambaya a bainar jama'a na kasa ba ta amsa.

A lokacin na haura shekara ashirin ina koyar da fiziks a jami'a. Kimanin shekara biyu ke nan da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara su yi rarrafe a kai su kai hannu baki. A shekarar ne lokacina ya yi na samun hutun bincike, wato shekara guda da jami'a ke ba malami ya je wani wuri ya ƙaro sani, kuma wata jami'a a Turai ta aiko mini da gayyata. Rubuce-rubuce kaɗan suka rage mini in cika sharuɗɗan zama farfesa, a can kuwa zan gama su cikin sauƙi. Mamarku ta yi fasfo, ta sayi rigunan sanyi har da safar hannu. Da muka zo Gummi yin sallama da dangi, a cikin zafin bazara take saka su tana zagaya tsakar gida, kakarku Inna tana dariya har da riƙe ciki.

Muna nan sai abokina Malam Garba, wanda muka yi firamare tare, yake kuma shugabantar wata sakandare a Bukkuyum, ya aiko cewa in zo in yi wa ɗalibansa jawabi ko za su yi sha'awar karatun kimiyya a jami'a. Na rubuta shafi goma sha ɗaya da Turanci, na sa kwat. Ɗakin taron rufin kwano ne, rana ta take. Kafin in kai shafi na huɗu rabin yaran sun yi barci, wakilin hakimi ma kansa ya fara lilo. Da na gama aka yi tafi mai ƙarfi, na san kuma gamawar ake yi wa. Malam Garba ya ce ko akwai mai tambaya. Can daga layin 'yan mata wata siririya ta ɗaga hannu ta miƙe.

"Malam, ni 'yar Yargalma ta," in ji ta. "Lokacin da masu aikin gubar nan sunka zo garinmu, sun taho da wata na'ura kamar 'yar bindiga. Su ɗora ta bisa ƙasa, ta yi ɗan ƙara, su ce akwai dalma nan, babu can. Ba su tona ba, ba su ɗanɗana ba. Ƙaƙa taka sani?"

Na san amsar sarai, domin duk shekara ina koyar da ita ga 'yan ajin ƙarshe. Na buɗe baki sai Turanci ya yi ta zuba, manyan kalmomi suna bin juna. Ta tsaya tana saurare cikin ladabi har na dasa aya.

"Na gode, Malam," ta ce. "Amma ban gane ba."

Ɗakin ya fashe da dariya, har waɗanda ke barci suka farka suka taya. Na ce to bari in faɗa da Hausa. Jimla ta farko ta fita, a ta biyu na maƙale, na tsaya ina juya hannu a iska kamar mai korar ƙuda. Malam Garba ne ya cece ni, ya duba agogo ya ce lokacin azahar ya yi, alhali da saura.

A ofishinsa ya gaya mini dalilin tambayar. Mahaifin Luba, Malam Umaru, yana da injin niƙa dutse. Ƙanenta ɗaya yana cikin yaran da gubar ta tafi da su. Bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin an zuba sabuwa, kowa ya yi alkawarin ba zai sake kawo dutse cikin gida ba. To amma Malam Umaru ya fara dawowa da buhunan dutsensa cikin gida, yana cewa na'urar nan dabara ce kawai aka yi don a raba talaka da zinariya, ƙarfe ba ya ganin cikin ƙasa. Ga kuma ƙananan yara biyu a gidan. Yarinyar ba maki take nema ba, abin da za ta je ta faɗa wa ubanta take nema.

Na koma Gummi. Na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai, Mamarku na gefenta. Kun san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ni ne ɗan fari, sai dai ta ce Mai Tabarau. Na ba su labari ina jiran a tausaya mini.

"Yarinya ta yi gaskiya, Mai Tabarau," Inna ta ce, ko kai ba ta ɗago ba. "Ni ma shekara ashirin ina jin an ce kana koyar da hizis. Har yau ban sani ba, ci aka yi ko shafawa."

Mamarku ta yi dariya har ta zubar da tsakuwar da ta tara. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Kwana uku na yi a ɗaki da kwalin sukari, da reza biyu, da gam, da faifan sidi. Zainab, yau zan faɗa miki gaskiya: faifan katun ɗinki da ya ɓace kika ɗora wa Nasiru laifi har kuka yi kwana biyu ba ku magana, ni na ɗauka na yanka shi da almakashi. Na yi siririyar kafa a goshin kwalin da bakin rezojin nan, na kafa guntun faifan a ciki a karkace, na huda wurin leƙawa. Haske in ya shiga ta kafar ya faɗa kan faifan, sai ya warwatse, kowane launi ya kama wurinsa. A jami'a muna da na'urar da ke wannan aiki, tana da tsadar da ba a barin ɗalibi ya taɓa ta shi kaɗai. Tawa ta kwali ce, amma aikin ɗaya ne.

Da hantsi na kira Inna ɗakin girki, na ce da ita zan fara, in ta gane kowa zai gane. Na ce ta nufi farin sama ta taga, kada ta kalli rana. Ta kanne ido ɗaya ta leƙa, sai ta ja da baya ta yi salati, ta ce wa ya sa bakan gizo cikin kwalin sukari. Na rufe taga da ƙofa, na kunna risho har wutarsa ta zama shuɗiya, na ce ta nufi wutar. Sai na barbaɗa gishiri.

"Bakan gizon ya tahi," ta ce. "Zare guda na nika gani, rawaya."

Na goge, na sa jan ƙarfen cikin wayar lantarki, wutar ta yi kore, ta ce zaren ya ƙaura wani wuri. Na sake zuba gishiri, rawayan ya dawo daidai inda yake ɗazu. Na fara yi mata bayani cewa kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma in aka zafafa su ko aka buge su sukan fitar da haske irin nasu, wanda ba ya kama da na wani. Ban gama ba ta katse ni.

"Kai dai ka cika tsawaitawa. Ka ce kowane abu da muryatai. Ni nan ko ina ɗaka, in anka yi tari tsakar gida na san wa ya yi."

Shekara ashirin ina neman wannan kalma ban sani ba. Na tsaya riƙe da cokalin gishiri ina kallon tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. A nan ɗakin girkin na yanke shawara: shekarar hutun nan ba Turai zan kai ta ba, makarantun yankinmu zan kai ta, in nuna wa yara abin da ake karantawa a jami'a, da harshen da suke ji, da kayan da za su iya riƙewa a hannu.

Faɗa wa Mamarku shi ne aikin. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta ninke rigunan sanyinta ɗaya bayan ɗaya ta sa a ƙasan akwati. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai "abinci na nan." Tana da gaskiya, domin na yi mata alkawari, kuma ta riga ta yi sallama da ƙawayenta. A rana ta uku ta same ni ina yanka kwali a karkace, ta tsaya ta kalle ni, ta karɓe almakashin.

"Malam, ko yanka ba ka iya ba," ta ce. "Tunda ka hana ni ganin Turai, to duk inda za ka da ni za ka. Ko ƙauyen Gwashi ne sai na gani."

Shugaban sashenmu kuwa ya zaunar da ni ya ce, Dakta, irin wannan dama ba ta dawowa, kuma kwalin sukari ba ya cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Ya faɗi gaskiya. Ba ta dawo ba. Na yi ritaya ina Dakta, yaran da na koyar suka zama farfesoshi ina zuwa taya su murna. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da abin yakan sosa mini rai, musamman in aka jera mu a taro aka kira sunayensu kafin nawa. Amma da hannuna na zaɓa, ina cikin hankalina.

Bukkuyum muka fara komawa, bayan motata cike da kwalaye da risho da buhun yashin gulbi da na wanke na shanya. Na ce wa 'yan ajin su Luba na zo biyan tambaya. Kowa ya haɗa nasa kwalin, suka leƙa sama, suka leƙa ƙwan lantarki, suka ga muryar gishiri. Daga nan na ce musu na'urar da aka kai Yargalma tana harba wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. In ya bugi ƙasa, duk abin da ke ciki sai ya amsa da nasa hasken, ita kuma na'urar ta san muryar dalma, tana ji ta rubuta. Luba ta daɗe idonta a kwali. Da ta ɗago ba ta ce ta gane ba, cewa ta yi:

"Malam, in na kawo Baba, ka nuna mai?"

Ranar kasuwa Malam Umaru ya zo. Dogo ne, hannuwansa sun yi kanta, yana rataye da ɗan buhu. Muka gaisa da mutunci, ya zauna a kan bencin ɗalibai gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yara suka cika tagogi, Malam Garba ya sa aka rataya tabarmi don ɗakin ya yi duhu. Na nuna masa gishiri, na nuna masa jan ƙarfe. Ya leƙa, bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya kwance buhunsa ya ɗora dutse a kan tebur.

"To ga nawa. Ƙona shi mu ji muryar dalmar."

Na ce ba zan ƙona ba, hayaƙinsa guba ne, ga yara a ɗaki. Na kuma gaya masa gaskiya, cewa hasken da waccan na'urar ke saurare kwalina ba ya iya ganinsa. Ya juya ya kalli Malam Garba yana murmushi.

"Kun ji ko? Kullum abin nasu ba a gani nai."

Na ga zan sake faɗuwa a gaban yarinyar nan karo na biyu. Sai Luba ta yi magana.

"Baba, ga yashi nan. In fita waje, ka kasa shi uku, ka murje gishiri kaɗan ka cuɗa cikin kashi guda, yadda kai kanka ba ka iya ganewa da ido. In na dawo in hwaɗa maka wane na."

Ni ban koya mata wannan ba. Ta fita, Mamarku ta bi ta ta tsaya da ita a bakin rijiya don kada a ce an yi mata raɗa. Malam Umaru ya juya mana baya gaba ɗaya, ya rufe tiren yashin da babbar rigarsa, muna jin ƙarar cokali yana murza. Ya daɗe yana cuɗawa. Da ya gama na duba kashi ukun nan, wallahi babu bambanci. Luba ta dawo, ta ce wata ƙawarta ta riƙa barbaɗawa a wuta, ita ta sa ido a kwali. Kashi na farko, ta ce babu. Na biyu, wutar ta yi tsalle da rawaya, ta ce ga shi. Yara suka fara tafi, ta ɗaga hannu ta ce a bari a gwada na ukun. Aka barbaɗa. Ta sauke kwalin a hankali ta dubi ubanta.

"Baba, ka yi wayo. Biyu ka sa."

Ɗakin ya kaure da ihu. Malam Umaru ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya fashe da dariya har yana buga benci. Da dariyar ta lafa ya karɓi kwalin, ya sa aka sake barbaɗa masa kashi ukun yana kallo da kansa. Daga nan ya sauke kwalin. Ya cire hula ya shafa kai.

"Dakta, waccan tasu, haka taka jin ta dalma?"

Na ce haka.

"Ko ƙasa ta yi kyau ga ido?"

Na ce ko ta yi kyau.

Ya miƙe tsaye. Ya mayar da dutsensa buhu, ya roƙi in bar masa kwali ɗaya, ya yi mana sallama. Bayan mako biyu Luba ta gaya wa Mamarku cewa ya kwashe buhunan ya mayar bayan gari inda injin yake, ya kankare ƙasar inda ya ajiye su, kuma yanzu a can yake wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo gida. Ta ce a majalisa ma shi ne ke kunna risho yana kasa yashi, yana cin mutane da gardama, kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Sauran shekarar a hanya muka yi ta. Anka, Gummi, Bukkuyum, har Gwashi inda motar ta kafe a yashin rafi, wasu Fulani makiyaya suka tura mu, muka biya su da leƙen bakan gizo, babbansu ya ƙi sakin kwalin sai da Mamarku ta haɗa masa nasa. Mun rataya dutse a reshen tsamiya mun auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. A Anka mun auna kaurin gashin kai da ɗan jan hasken nan da yara ke wasa da shi a maƙalar makulli, aka yi layi kowa da silin gashinsa a hannu, Malam Garba da ya raka mu ya nemi a auna nasa aka duba kansa aka rasa. Mamarku ta zama gwanar aikin fiye da ni. 'Yan mata sun fi sakin jiki da ita, tambayar da ba za su yi mini ba sai su yi mata, ita kuma in ta gagare ta sai ta ce, "Bari mu tambayi direbana." A ƙarshen shekara na roƙi jami'a motar ɗalibai, muka kai yara ɗakin gwaje-gwajenmu. Da aka buɗe musu babbar na'urar, mai kula da ɗakin ya fara bayani da Turanci, sai wani yaro daga Gwashi ya leƙa ya ce ai wannan kwalinmu ne aka yi da ƙarfe.

Bayan 'yan shekaru hanyoyin suka lalace da rashin tsaro, zuwa ƙauyuka ya gagara, ni ma ƙafa ta fara ciwo. Luba ta samu shiga jami'a, ba tawa ba, ta karanta fiziks. Wani dogon hutu, bayan ta gama, sai ga saƙonta cewa ta tara 'yan sakandare a wata makaranta a nan Gummi, tana so in zo in gani. Na je na zauna a bencin baya, ban bari an sanar da ni ba. Ta iya koyarwa, ba ta sauri, kuma ba ta tsoron shiru. Ta zo da wani gwaji da ban taɓa yi da su ba, ta cika kwalba da ruwa ta ɗiga madara, ta haska tocila, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi ta gefe, ta ƙarshe kuma ya yi ja-ja. Ta ce to wa zai faɗa mata abin da ya sa sama take shuɗiya da rana, ta yi ja da almuru? Yara suka yi tsit suna kallon kwalba. Shirun ya yi tsawo, na ji ba zan iya jurewa ba. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba.

Ta hango ni, ta yi murmushi.

"Baba Dakta, sauke hannunka. Bari yara su hwaɗi."

Na sauke. Can a layi na biyu wata 'yar ƙaramar yarinya ta fara ɗaga nata a hankali.